BABI NA HUƊU: SHARHI A KAN GYARAN MASALLACIN JUMA'A NA BIRNIN ZARIYA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo bayani a kan kayan aikin magina na gargajiya a ƙasar Zazzau da yadda ake sarrafa su, tun daga kwaɓa ƙasa har zuwa ɗora azara. A wannan babi kuwa gini ɗaya tak za a duba, wato Masallacin Juma'a na cikin birnin Zariya, tare da gyaran da aka yi masa a shekarun 1970, domin a auna abin da gyaran ya tsirar da kuma abin da ya salwantar. An zaɓi wannan masallaci ne saboda masanan da suka yi rubutu a kan ginin Hausawa, irin su Saad (1981) da Moughtin (1985) da Dmochowski (1990), duk sun ba shi matsayi na musamman a cikin ayyukansu. Akwai kuma dalilin da ya fi wannan nauyi. Ranar Juma'a, 11 ga Agusta, 2023, wani ɓangare na rufin masallacin ya rufta a kan jama'a suna cikin sallar La'asar, mutum aƙalla bakwai suka riga mu gidan gaskiya. Ke nan maganar gyara a nan ta wuce batun ado ko sha'awar kayan tarihi.

Ra'ayin da babin zai yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, gyaran ya ɗauki masallacin tamkar wani abu da aka gama ƙerawa, wanda abin da ya rage kawai shi ne a killace shi, alhali kuwa ginin ƙasa ba a gama shi. Muddin yana tsaye, yana bukatar hannun magini a kansa.

4.1 Masallacin Kafin Gyara

An gina masallacin a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim (1834–1846), na gidan Katsinawa. Maginin da ya yi aikin shi ne wanda aka fi sani da laƙabin Babban Gwani. Wasu marubuta suna kiransa Malam Mika'ilu, wasu kuma Muhammadu Durugu. Shi ne kuma ake dangantawa da Gidan Madaki na Kafin Madaki a ƙasar Bauci, wanda aka sanya cikin kayan tarihin ƙasa a 1956. Labarin baka ya nuna cewa bayan ya gama aikin Zariya, Sarkin Birnin Gwari ya gayyace shi ya gina masa masallaci, da ya kammala sai aka kashe shi don kada wani sarki ya sami wanda ya fi nasa. Ana samun irin wannan labari game da manyan magina a ƙasashe da dama, don haka amfaninsa a nan shi ne ya nuna yadda mutane suka ɗauki fasahar: abu ce da take cikin kan mutum da hannunsa, idan ya tafi ta tafi.

Masallacin da Babban Gwani ya bari haraba ce sukutum da aka zagaye da katanga. A cikinta akwai babban ɗakin salla, da ɗakin shari'a, da ƙananan ɗakuna a mashigai inda ake alwala, da kuma filin da ya haɗa su. Mai zuwa salla yakan baro hayaniyar ƙofar fada, ya ratsa ɗakin alwala mai ɗan duhu, ya fito fili, sannan ya shiga ɗakin salla. Wannan jeri na duhu da haske da sake komawa duhu yana daga cikin abin da maginin ya tsara, kamar yadda zaure da shigifa suke shirya baƙo kafin ya kai cikin gida.

A cikin ɗakin sallar ne gwanintar take. Azara, wato itacen giginya da aka faskara, ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa a faɗin da ya wuce kimanin mita 2. Dabarar da magina suka ƙirƙiro don su tsallake wannan iyaka ita ce bakan gizo: ana kafa azara a cikin bango ko ginshiƙi tana leƙowa waje, a ɗaure ta, a lulluɓe da ƙasa, a bari ta bushe, sannan a ɗora wata a kanta ta ƙara leƙowa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Babban Gwani ya yi amfani da wannan dabara ya tayar da bakuna daga manyan ginshiƙai, wasu bibbiyu wasu fiye, suna ratsa juna suna tallafe da tulluwa. Tsakanin bakunan kuma ya jera azara a fili, kowane gurbi da irin nasa jeri, ta yadda abin da ke riƙe da rufin shi ne kuma adon rufin. Zanen da ke jikin ginshiƙan an tona shi ne a cikin ɗanyar ƙasa, mai zurfi, da layuka a tsaye da da'irori da siffofi masu kusurwa uku. Babu yawan tarkace a cikinsa. Idan aka kwatanta shi da zanen da ya yi tashe a fuskokin gidajen attajiran Zariya a tsakiyar ƙarni na 20, wanda Kirk-Greene (1963) da Schwerdtfeger (2007) suka yi nazari, za a ga na masallacin ya fi kamewa nesa ba kusa ba. Zane ne da aka yi domin ɗan hasken da ke shigowa ta ƙofofi da ƙananan tagogi ya faɗa a kansa ta gefe, inuwa ta cika ramukan, siffar ta fito.

Daga waje kuwa abin da ido ke gani shi ne jar ƙasa, da tulluwa a kwance a kan rufi, da indararo masu zubar da ruwa nesa da gindin bango. Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba. Ginin ƙasa ba ya jure wannan sai da kariya, shi ya sa ake shafe rufi da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara, bango kuma a yaɓe shi da ƙasar da aka kwaɓa da makuba. Laso yakan yi 'yan shekaru kafin a sabunta, yaɓe kuwa kusan kowace rani sai an taɓa shi. Abin lura a nan shi ne, maginin da ya hau rufi don yaɓe ba yaɓen kaɗai yake yi ba. Ƙafarsa tana gaya masa inda rufin ya yi laushi, idonsa yana ganin inda indararo ya toshe, yana kuma lura da tsagar da ba ta nan bara. Da haka masallacin ya yi shekara fiye da 130 a tsaye a fili, ruwa yana dukansa.

4.2 Gyaran Shekarun 1970

Kafin a soki wannan gyara, ya kamata a ba shi haƙƙinsa. A wancan lokaci birni ya cika, masallata sun fi ƙarfin ɗakin da aka gina don jama'ar ƙarni na 19, kuɗin man fetur ya shigo, kuma kowane babban gari yana son masallacin kankare mai hasumiya. Kano ta riga ta rushe nata masallacin ƙasa ta gina sabo tun farkon shekarun 1950, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Da Zariya ta bi sahu, da babu wanda zai ga baƙonta. Amma sai aka zaɓi wata hanya: aka bar tsohon ɗakin salla a inda yake, aka tayar da sabon gini na kankare ya lulluɓe shi, sauran sassan harabar suka ba da wuri. Albarkacin wannan shawara ne ɗalibai da masu bincike na shekaru kusan 50 suka sami damar tsayawa a ƙarƙashin bakunan Babban Gwani su gani da idonsu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Duk da haka, akwai hasarar da aka yi. Ta farko a bayyane take, wato fuskar masallacin ta waje ta ɓace. Tulluwar da a da ake hange daga ƙofar fada ta koma ƙarƙashin wani rufi, jerin shiga daga ɗakin alwala zuwa fili zuwa ɗakin salla ya wargaje. Yarjejeniyar Benis ta 1964, wadda masana adana gine-gine na duniya suka amince da ita, ta nanata cewa ba a raba gini da muhallinsa, kuma kiyaye shi ya haɗa da kiyaye abin da ke kewaye da shi. A Zariya an kiyaye ciki an sadaukar da waje, kamar a ajiye ƙwarya a jefar da faifan da ke rufe ta. Haske ma ya canza. Zanen da aka tona don hasken rana mai shigowa ta gefe ya koma dogaro da hasken da ya ratso wani gini ko kuma na lantarki, wanda ke faɗowa daga sama ya shafe inuwar da ke fito da shi.

Hasara ta biyu ba a ganinta da ido, kuma ita ce wannan nazari ya fi ba muhimmanci. Da zarar an sa rufin kankare a kan rufin ƙasa, dalilin da ke sa magini ya hau sama kowace rani ya kau. Ruwa ya daina dukan laso, saboda haka babu yaɓen da za a yi, saboda haka babu mai dubawa. Sai dai ruwan sama ɗaya ne kawai daga cikin abokan gaban ginin ƙasa. Damshi yana tasowa daga ƙasa ya hau bango, kuma a ginin da ke fili iska da rana suke busar da shi. Idan aka kewaye bangon da wani gini, ko aka malala siminti a gindinsa, damshin ba ya samun mafita sai ya taru a cikin tubali. An san giginya da jure wa gara, amma kan azarar da ke binne cikin bango mai laima yana ruɓewa a hankali, kuma daga ƙasa ba a ganin komai, domin ƙasa ta lulluɓe shi. Idan kuma sabon rufin ya fara yoyo, ruwan yakan zuba a wuri ɗaya kullum, a kan rufin da aka daina yi wa laso, a inda babu mai gani. Wannan shi ne halin kowane ginin ƙasa da aka rufe, ba na masallacin Zariya kaɗai ba. Kariyar da aka yi masa ta rage masa haɗari guda, ta kuma ɗauke masa idon da ke lura da sauran.

4.3 Kwatanci da Gyaran Mutum-mutumin Cocin Katolika

Zai yi kyau a leƙa wani wuri inda aka daɗe ana muhawara a kan gyaran kayan ibada da suka tsufa, wato majami'un ɗariƙar Katolika a Turai, inda ake ajiye mutum-mutumi na dutse da na itace. Addini ya bambanta, kuma Musulunci bai yarda da siffanta mai rai a wurin ibada ba, amma matsalar mai gyara iri ɗaya ce: abu ne da jama'a ke amfani da shi a ibadarsu, kuma aikin wani gwani ne da ya riga ya mutu.

A watan Mayu na 1972 wani mutum ya afka wa mutum-mutumin nan da Michelangelo ya sassaƙa da dutsen marmara a ƙarshen ƙarni na 15, wanda ke cocin Waliyyi Bitrus a fadar Paparoma. Sassaƙar tana nuna Nana Maryamu rungume da ɗanta, bisa ga yadda Kiristoci suka yi imani. Mutumin ya sa guduma ya karya mata hannu, ya fasa hanci da fatar ido. Masu gyara suka tattara gutsattsarin, suka mayar da kowane a gurbinsa, inda ya ɓace suka cike da garin marmara da aka kwaɓa da danƙo, daga nan aka sa sassaƙar a bayan gilashin da harsashi ba ya hudawa. Wannan gyara ya yi daidai, saboda marmara abu ne da aka gama. Ranar da mai sassaƙa ya ajiye kurfinsa aikin ya cika, duk abin da zai same shi bayan haka ragi ne, don haka killacewa ita ce gata. Abin da aka yi wa masallacin Zariya a cikin waɗannan shekaru ya yi kama da wannan ƙwarai, sai dai kankare ne ya tsaya a madadin gilashi. An yi wa ƙasa maganin da ya dace da dutse.

Misali na biyu yana nuna kuskuren da ke ɗaya gefen. A 2018, a garin Estella na ƙasar Sifen, an ba wani wurin koyar da sana'ar hannu aikin gyaran mutum-mutumin Waliyyi Joji, na itace, wanda aka yi tun ƙarni na 16. Fentinsa ya dushe, itacen ya tsattsage. Masu aikin suka shafe shi da sabon fenti mai ƙyalli, fuskar ta koma kamar ta 'yar tsana, abin ya zama abin dariya a duniya. Hukumar yankin ta ci tarar cocin da masu aikin, sannan ƙwararru suka kankare sabon fentin a 2019 don a ceto abin da ya saura na asali. Niyyar waɗanda suka sa aikin mai kyau ce, so suke abin ibadarsu ya yi kyan gani. Irin wannan niyya ce take sa a Zariya mai gida ya sa a shafe tsohon zanen ƙofar gidansa da siminti, a bi shi da fentin mai kala-kala. Siminti ba ya kama ƙasa, yakan ɓamɓare ya bar rami a bayansa inda ruwa ke taruwa, ranar da ya faɗo sai ya taho da zanen gaba ɗaya.

Ana iya cewa, to ai yaɓen shekara-shekara ma shafe aikin gwani ne da hannun wanda bai kai shi ba, mene ne bambancinsa da fentin Estella? Tambayar tana da ƙarfi. Bambancin shi ne mai yaɓe yana amfani da irin ƙasar da aka yi ginin da ita, da irin haɗin, kuma ya koyi aikin daga wanda ya koya daga wanda ya gina. Yaɓen yana cikin tsarin ginin tun ranar farko, Babban Gwani ya san za a yi shi, ya kuma yi ginin da wannan sanin. Takardar Nara ta 1994, wadda aka tsara a ƙasar Japan, ta buɗe ƙofa ga wannan fahimta, inda ta nuna cewa ana auna asalin abin tarihi gwargwadon al'adar da ta haife shi, kuma dabarun aiki da al'adun da ke tattare da shi suna cikin abin da ake aunawa.

4.4 Jenne da Jos

Babban masallacin Jenne a ƙasar Mali, wanda aka sake ginawa a 1907, shi ne misalin da aka fi kawowa na ginin ƙasa da aka bari a fili. Kowace shekara mutanen gari suna fitowa ƙwai da kwarkwata su yaɓe shi a ƙarƙashin jagorancin maginansu. Amma bai kamata a ɗauka wannan hanya ba ta da nata haɗari ba. Lokacin da Gidauniyar Aga Khan ta yi aikin gyaran masallacin, an tarar yaɓen shekaru da dama ya taru ya yi wa rufin nauyi, sai da aka rage shi, kuma a watan Nuwamba na 2009 saman ɗaya daga cikin hasumiyoyinsa ya zube bayan ruwan sama mai yawa. Abin da Jenne ta fi Zariya da shi shi ne, magina suna nan a kan ginin, kuma su ne suka sake tayar da hasumiyar da irin ƙasar da aka san ta da ita.

A Nijeriya kuwa, Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, ya auna masallacin Zariya ya zana shi dalla-dalla tun yana a siffarsa ta asali, kuma bisa wannan awo aka gina kwafinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos. Kwafin yana da amfani ga ɗalibi, domin a can ne zai ga siffar waje da Zariya ta rasa. Sai dai ba a tsayar da sahu a cikinsa, ba shi da jama'ar da za ta ji ciwon lalacewarsa, kula da shi ya rataya ne a kan kasafin kuɗin hukuma. Aka wayi gari ciki yana Zariya, waje yana Jos, kowanne rabi.

4.5 Ruftawar 2023

Bayan abin da ya faru, Sarkin Zazzau Ahmad Nuhu Bamalli ya shaida wa manema labarai cewa an ga tsaga a jikin bangon masallacin tun ranar Alhamis, kuma ana shirin kawo injiniyoyi su duba sai rufin ya rufta. Akwai abin lura biyu a cikin wannan bayani. Watan Agusta shi ne tsakiyar damina a Zariya, lokacin da ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi, tubali ya yi nauyi, ƙarfinsa kuma ya ragu. Magina na gargajiya ba sa jiran wannan lokaci, da rani suke bin gini su toshe abin da za su toshe, saboda sun san tsagar da ta bayyana a Agusta ta daɗe tana tafiya a ciki. Abu na biyu shi ne waɗanda aka yi niyyar kira. Ba laifi ba ne a kira injiniya, domin ginin da ya lulluɓe masallacin na kankare ne, kuma shi ya san shi. Amma ilmin injiniya a kan rodi da siminti yake, bakan gizo kuwa lissafinsa yana wurin Sarkin Magina da mutanensa, waɗanda gyaran shekarun 1970 ya mayar 'yan kallo a ginin da kakanninsu suka tayar. A lokacin gini biyu ne a wuri ɗaya, kowanne da irin masanin da yake bukata, na ciki kuma shi ne tsoho, shi ne mai rauni, a ƙarƙashinsa ne kuma mutane suke sujada. Tsakanin ganin tsagar da sallar La'asar ta washegari, kwana ɗaya ne.